Babu Komai a Ƙetaren Rafi

Ƙaryar da Kiptiony ya fi alfahari da ita duk tsawon rayuwarsa, a gaban shagon shayin ƙauyen Kapsoen ya yi ta, kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba. Ranar yana zaune a benci da abokinsa Leseiyo, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya shekara hamsin da wani abu da suka wuce, suna musun da suka saba a kan wanda gwiwarsa ta fi lalacewa. Sai ga wata farar mota ta tsaya. Mutum uku suka fito da hulunan kwano, ɗaya na riƙe da takarda mai faɗin tabarma. Suka gaisa da ladabi, suka saya wa tsofaffin lemon kwalba, sannan babbansu, wani mai tumbi da ya ce sunansa Injiniya Ndwiga, ya nuna dajin da ke ƙetaren rafi.

"Dattawa, me ke cikin wancan dajin? Akwai gidaje? Kaburbura? Wurin bauta, ko wani abu da kuke amfani da shi?"

Kiptiony ya kurɓi lemonsa a hankali, ya dubi dajin kamar yau ya fara ganinsa.

"Babu komai," ya ce.

"Komai-komai?"

"Ƙaya ce kawai da ɓauna," in ji Leseiyo. "Ni rabona da wurin tun ina saurayi."

"Ni ban ma taɓa shiga ba," Kiptiony ya ƙara, don kada a fi shi.

Injiniya ya rubuta, ya yi godiya, ya roƙi ya ɗauki hotonsu. Leseiyo ya ɗaga kwalbarsa da hannun hagu, don shi bahago ne, ya washe baki. Motar na juyawa suka fashe da dariya har mai shayi ya leƙo ya ga ko lafiya. Sati guda suna ba da labarin yadda suka sha lemon mutanen birni a banza.

Wanda bai san mu ba zai ce tsofaffin nan sun yi rashin gaskiya. Mu ƙabilar Ogiek, mutanen daji masu kiwon zuma, ba haka muke kallon abin ba. Mutum zai ba ka zuma ka sha har ta gundure ka, ya cika maka ƙwarya ka tafi da ita gida, amma ka tambaye shi a kan wace bishiya ya rataye amyarsa, nan take zai zama kurma. Baƙo ya tambaya, babu komai. Maƙwabci ya tambaya, babu komai. Haka iyayenmu suka koya mana, kuma a ranar nan rabin ƙaryar Kiptiony ba don Injiniya ya yi ta ba, don kunnen Leseiyo ne.

Dalili kuwa, a ƙetaren rafin nan akwai wata tsohuwar bishiyar tarakwet da mutum huɗu ba sa iya zagaye ta da hannu, kuma can sama tsakanin rassanta akwai amyar da kakansa Chesimet ya sassaƙa daga kututture. Daga kakan ta dawo hannun uban, daga uban ta dawo hannunsa. Kiptiony na da wasu amyoyin birjik, amma wannan daban take. Ƙudan cikinta furen bishiyar silibwet suke ci, zumarsu fara ce tas, mai kauri, irin wadda ake kai wa surukai. Duk shekara in ya kawo ta, sai Leseiyo ya dangwala yatsa ya lasa, ya lumshe ido ya ce, "Kai tsohon banza, a ina kake samo wannan?" Kiptiony kuma ya ce, "A kasuwa." Don kada abokin nan ya bi sawunsa, bai taɓa zuwa wurin bishiyar ta miƙaƙƙiyar hanya ba. Sai ya haura tudu, ya ratsa cikin gora, ya tsallake rafi sau uku, tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi biyu ba ta zame masa ta rabin wuni.

Akwai kuma wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa Tapsabei. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya faɗo daga wata bishiya ya karya ƙafa, ya kwanta damina guda cur da zazzaɓi. A daminar aka yi wata iska da ta yaye rufin ɗakuna. Ranar da ya iya taka ƙafar, ya ɗingisa zuwa wurin tarakwet ɗin, ya tabbata zai tarar da amyar a ƙasa a farfashe. Sai ya tarar da ita daram, an ɗaure ta da sabuwar igiya, an gyara ɓawon da ke rufe ta. Da ya hau ya duba, ƙullin na bahago ne. Ubansa, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan, bahago ne. Kiptiony ya rungumi reshe ya yi kuka. Tun daga lokacin, duk ranar da ya ɗebi zuma, saƙar farko a gindin bishiyar yake ajiye ta don tsohon, kuma bai taɓa dawowa ya tarar da ita ba. Da ya ba Tapsabei labari, cewa kawai ta yi, "Uhm," ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Wata huɗu bayan shan lemo, Cheptanui ta sauka daga motar haya da takalmanta a hannu saboda taɓo. 'Yar ƙanwar Kiptiony ce, lauya a birnin Nakuru, wadda ke tsaya wa mutanen daji a kan maganar ƙasa. Tana shiga gidansa, ko zama ba ta yi ba ta ɗora wani ƙaton littafi a kan kujera ta buɗe.

"Kawu, wane ne wannan?"

Kiptiony ya matso. Ga shi nan a hoto, ga Leseiyo da kwalba a sama.

"Af! Har sun sa mu a littafi? Tapsabei, zo ki ga mijinki!"

"Bari in karanta maka abin da ke ƙarƙashin hoton," in ji Cheptanui. "An ce dattawa biyu na ƙauyen sun tabbatar babu gida, babu kabari, babu wani abin gado ko abin amfani a dajin ƙetaren rafi. Kawu, kamfanin jan wayar lantarki ne. Ta tsakiyar dajin za su bi, kuma duk bishiyar da ke kan hanyar, faɗin taku arba'in, sarewa za a yi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya nemi gefen gado ya zauna.

"Wane irin mutum ne," ya ce a hankali, "za a ce masa babu komai, kuma ya yarda?"

"Irin wanda aka ce masa babu komai," in ji Tapsabei daga bakin murhu.

Cheptanui ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ba ta yi masa faɗa ba, ita ma a dajin nan aka yanke mata cibiya. Ta ce masa ba wanda zai hana a ja wuta, garuruwan gangare na bukatarta. Amma kafin a taɓa ƙasar mutane dole a tambayi masu ita, a rubuta abin gadon da ke cikinta, in akwai shi a nemi yadda za a kauce masa. Kamfanin ya tambaya, an ba shi amsa, don haka a takarda bai yi laifin komai ba. Saura kwana tara a rufe karɓar ƙorafi.

"To ki rubuta musu cewa akwai abu."

"Da bakinka ka ce babu, Kawu. Yanzu bakinka kaɗai ba zai isa ba. Sai ka kai su sun gani da idonsu, an sa wurin a taswira."

"Taswira? Wadda kowane ɓarawon zuma zai buɗe ya karanta? Ki kashe ni mana ki huta!"

"Na yi tunanin wannan. Zan nemi a rufe wannan shafin a ambulan, ba mai gani sai ni da Injiniya da ofishin kula da kayan tarihi. Ana yin haka, ba kai ne farkon mai sirri ba." Ta gyara zama. "Sai dai ana bukatar shaida. Wani sa'anka da ba danginka ba, wanda zai je tare da mu ya ce ya san wurin na gidanku ne tun kakanni."

Kiptiony ya ƙidaya sa'anninsa a zuci. Biyu sun mutu, ɗaya ya makance, ɗaya ya koma wurin ɗansa a birni.

"A'a," ya ce.

"Ban ma faɗi suna ba."

"Na ce a'a! Wannan bahagon mai baki kamar ƙofar kasuwa? Gara kamfanin."

"To madalla," in ji Tapsabei. "Ka riƙe sirrinka da kyau. In sun sare bishiyar sai ka riƙa ɓoye kututturen."

Kwana biyu yana fushi da kowa, har da akuyar gidan. A rana ta uku da sassafe ya ɗauki sandarsa ya bi doguwar hanyarsa, tudu, gora, rafi sau uku. Yana isa ya tsaya cak. A jikin tarakwet ɗin, daidai ƙirjin mutum, an shafa wani ƙaton jan fenti. Wani ya tsaya a nan, a daidai inda yake ajiye wa ubansa saƙa, ya shafa wa bishiyar alamar mutuwa, ga ƙuda na kuka a bisa kansa, amma bai ɗaga kai ba. Tsoro ya kama Kiptiony irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ɓauna ta kore shi. Ya juya, kuma a karon farko a rayuwarsa ta gajeriyar hanya ya koma gida.

"Lauya," ya ce da Cheptanui, "kira su. Ki kira wancan bahagon ma."

Ranar Jumma'a suka taru a bakin rafi: Injiniya Ndwiga da 'yar na'urarsa mai nuna hanya, wata mata mai tabarau daga ofishin kayan tarihi, Cheptanui da littafinta, sai Leseiyo da ya zo sanye da kwat ɗinsa na zuwa biki. Kiptiony ya shige gaba. Ya yi niyyar bin gajeriyar hanya, wallahi ya yi niyya, amma da ya waiwaya ya ga Leseiyo a bayansa, sai ƙafafunsa suka haura tudu da kansu.

Suka ratsa gora, suka tsallake rafi, suka sake tsallake shi. Rana ta ɗaga. Rigar Injiniya ta jiƙe sharkaf, yana tafe yana huci yana girgiza na'urarsa.

"Dattijo, abin nan yana nuna mini mun wuce nan ɗazu."

"Abin naka ya lalace," in ji Kiptiony.

"Kawu," in ji Cheptanui da murya ƙasa-ƙasa.

"Mun kusa."

Da suka iso bakin gorar a karo na biyu, Leseiyo ya zauna a kan wani kututture ya miƙe ƙafa.

"Kiptiony, don girman Allah ka ji tausayin gwiwata. Ka bi ta tsagaggen dutse mana, ka gangara kwari, ga bishiyar nan a hannun dama. Me ya yi zafi?"

Kiptiony ya juyo ya zuba masa ido. Leseiyo ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe kwat ɗinsa, ya shige gaba kamar mai zuwa gonar ubansa, sauran suka bi shi. Kafin gumin Injiniya ya bushe suna gindin tarakwet.

Kiptiony ya iso a ƙarshe, kansa na juyawa, amma da ya ga jan fentin nan sai ya tuna abin da ya kawo shi.

"Injiniya, wa ya shafa wannan?"

"Ma'aikatana ne."

"Da suke shafawa, ina suke kallo?"

"Bishiyar mana."

"To ɗaga kanka."

Injiniya ya ɗaga kai har hular kwanonsa ta faɗi. Can sama ga amyar Chesimet a kwance tsakanin rassa biyu, ta yi baƙi don tsufa, ƙuda na shige da fice. Kiptiony ya nuna bishiya ta gaba da sandarsa, akwai wata. Ta bayanta ma akwai. Matar mai tabarau ta fara ƙirgawa tana juyi, ta kai goma sha bakwai ba ta matsa daga inda take ba. Haka mutanen birni suke, in suna neman alamar mutane ƙasa suke dubawa, su ga harsashin gini ko kunyar gona ko tudun kabari. Mu kuwa kayanmu a sama suke, kuma a cikin ƙaton littafin nan kaf ba wanda ya yi tunanin ɗaga wuya.

"Tabɗi," in ji Injiniya. "Amma dattijo, kai ka ce mini babu komai!"

"Kai ma ba ka gaya mini sara za ka yi ba."

Cheptanui ta rubuta wannan maganar da sauri, ta ja mata layi biyu. Matar mai tabarau ta ɗauki hotuna, sannan ta juya ga Leseiyo ta tambaye shi ko ya san mai amyar.

"Ta gidan Chesimet ce, kakan wannan tsohon. In kin jawo hotonki kusa za ki ga alamarsu a bakin kututturen, tsaga uku da ƙafar tsuntsu. A samansa ma akwai wata, amma sai an hau ake ganinta."

"Kenan ka taɓa hawa?"

"Ni na ɗaure ta ai. Shekarar babbar iska, lokacin da wannan yake kwance da karyayyar ƙafa."

Sandar Kiptiony ta suɓuce daga hannunsa.

"Ƙarya kake. Ƙullin na bahago ne."

Leseiyo ya ɗaga hannunsa na hagu ya kaɗa masa yatsu.

"Wa ya nuna maka wurin?"

"Kai. Zazzaɓi ya sa kana ta sambatu, tsagaggen dutse, kwari, hannun dama. Tapsabei ta zo ta same ni ta ce mutumin nan damuwar amya ce za ta kashe shi kafin ƙafar. Sai na zo. Igiyar ta kusa tsinkewa kuwa, kaɗan ya rage."

"Shekara talatin da ɗaya kana tambayata a ina nake samo zumar!"

"To in na daina tambaya ai ka gane na sani. Kuma ni ban taɓa sa hannu a cikinta ba, ko yatsa."

Kiptiony ya dubi gindin bishiyar, wani tunani ya faɗo masa.

"Saƙar da nake ajiye wa Baba fa?"

Leseiyo ya soma gyara maɓallin kwat ɗinsa.

"Tana da daɗi ƙwarai."

"Kai ne kake cinyewa?"

"Ka so in bar wa dage, naman dajin nan mai satar zuma? Kai ka tafi ta doguwar hanya, ni in zo ta gajeriya, me zan yi da saƙar da na tarar a ƙasa?"

Injiniya ne ya fara fashewa da dariya, tumbinsa na rawa, matar mai tabarau ta toshe baki da littafi. Cheptanui ta tambaya ko a sa wannan ma a cikin shaida. Kiptiony ya ɗauki sandarsa da niyyar ya kwaɗa wa abokinsa, ya ɗaga ta, sai ya ji hannun ya yi nauyi. Kunya ta kama shi, haushi ya kama shi, kuma ya ji baƙin ciki na gaske, don ashe ubansa bai dawo ya ɗaure masa komai ba. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai wani daɗi da ya rasa inda zai ajiye shi. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye wa hanya, shi ne ya hau bishiyar nan cikin damina, reshe na santsi, don kawai kada abokinsa ya tashi ya tarar da ita a ƙasa. Ya juya musu baya ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, ko da yake ba wanda ya hura wuta.

Da labari ya bazu cewa Kiptiony da kansa ya nuna amyarsa, sauran tsofaffin suka fara zuwa wurin Cheptanui ɗaya bayan ɗaya, kowa na waiwaye, kowa na cewa shi dai wata 'yar amya ce guda ɗaya. Ta shigar da ƙorafin saura kwana biyu, da ambulan a rufe ruf. Bayan wata uku takarda ta zo: an karkatar da wayar, za ta bi gefen titi ta zagaye dajin. Injiniya Ndwiga ya zo da kansa ya kankare jan fentin, yana ƙunƙunin yawan turakun da aka ƙara masa, ya koma da kwalbar zuma a ƙarƙashin kujerar mota.

"Kawu," in ji Cheptanui ranar da za ta koma Nakuru, "daga yau duk wanda ya zo da takarda ya tambaye ka abu, kada ka ce akwai, kada ka ce babu. Ka ce ya jira lauyarka."

Kiptiony ya riƙe wannan shawara fiye da yadda ta so. Mai allurar shanu ya zo, aka ce ya jira lauya. Tapsabei ta tambaye shi inda ya ajiye gatari, ita ma haka.

Da silibwet ya gama fure, lokacin ɗibar zuma ya yi, Kiptiony ya tsaya a ƙofar gidan Leseiyo da hantsi, da igiya a kafaɗa da jakar fata a baya.

"Kai tsohon banza, taso."

"Ta wace hanya? In ta gora ce ka tafi kai kaɗai."

Ta tsagaggen dutse suka bi. Kiptiony ya hura wuta ya ɗaura damin hayaƙi, ya hau a hankali yana nishi, Leseiyo na ƙasa yana riƙe da igiya yana gaya masa yadda ake hawan bishiya. Da ya sauko, ƙuda biyu sun harbe shi a kunne, jakar ta cika. Ya zaro saƙar farko, fara tas, zuma na ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya sunkuya zai ajiye ta a gindin bishiyar kamar kullum, sai ya tsaya. Ya dubi wurin, ya dubi tsohon da ke tsaye a gefensa yana haɗiyar yawu. Ya miƙe, ya kamo hannun hagun Leseiyo, ya ɗora masa saƙar a tafi.

"Karɓi, Baba," ya ce. "Na gode da igiya."